Kawun da Ke Ƙirga wa Tsararru Kwana

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, bayan an gama yankan hatsi. Mutanen Dogon Dutsi ba su san shi da wani suna ba sai Sarja, muƙamin da ya dawo da shi daga yaƙin Nasara. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Na zaci zaman makokin ba zai wuce dangi da ƴan unguwa ba, tunda shekara shida ke nan rabonsa da kowace kujera. Abin bai tafi haka ba.

Wani tsohon gardi da ya yi tsaron gidan kaso ya zo ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi shiga. Aka yi masa tayin tabarma, ya girgiza kai. Ya ce, "Ku bar ni nan. Haka yas saba iske ni, tsaye bakin ƙohwa." Wata mata daga wajen Tibiri ta shige cikin gida da kuka, alhali matar kawu ba ta taɓa ganinta ba. A rana ta uku wani Bafillace mai furfura ya iso a ƙasa daga wajen Dogon Kiriya, yana janye da rago. Ya ɗaure ragon, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya ce, "Allah shi jiƙan babana." Nan ya wuni har rana ta faɗi.

Ba kowa ya zo da yabo ba. Wani babban ɗan kasuwa, wanda shi ne shugaban jam'iyyar gwamnati a garinmu a shekarun da zan ba da labari, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya shafa fatiha. Da zai tashi ya ce, "Allah shi gahwarta mashi. Amma gaskiya mutum na mai taurin kai. Da an bi ta tashi wancan lokaci, da ƙasar ga ba ta kai yau ba." Ya sa takalmansa ya tafi.

Da maganar ta kai cikin gida, mahaifiyata ta sa aka kira ni. Ta ce, "Kai ka iya rubutu. Da hannun ga naka anka ɓata mashi rai. Da shi za ka aje labarinshi, tun waɗanga ba su rigaye ka ba." Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Dogo ne, baƙi, yana ɗingishi da ƙafar hagu inda harsashi ya same shi. Bayan soja ya yi shekaru yana tafinta a biro, wato ofishin Nasara. Da aka samu mulkin kai sai aka sa shi cikin dattawa biyu da ke zama gefen alƙali, suna faɗa masa yadda al'adar ƙasa take a kan gona, aure da gado. Yana da lambu a fadama, rogo da rake da mangwaro huɗu, kuma ya fi son a same shi can da a same shi a gida.

Tambaya ɗaya ce a bakinsa kullum: "Wa yag gani?" In aka ce akuyar maƙwabci ta ci wake, wa yag gani? In aka ce wance ta zagi wance a rijiya, wa yag gani? Matarsa ta taɓa ce masa, "Kai ko wuta ta kama rumbu sai ka nemi shaidu kahin ka ɗebo ruwa." Ya ce, "A'a. In kashe wutar, sannan in nemi shaidu." Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Bai iya yabo ba, kuma in ya yi fushi ba ya faɗa, shiru yake yi maka har ka gwammace duka. Shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, lokacin da mahaifina ya ƙi, amma ranar da na zama kwami, wato magatakarda a biron kwamandan mai mulkin yankinmu, abin da ya ce kawai shi ne, "To, sai a kula."

Yana jin Faransanci irin na bariki, amma karatu na ba shi wuya. Don haka duk Juma'a bayan masallaci nakan same shi ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidansa in karanta masa sababbin dokokin da suka zo daga Yamai. Sau biyu yake sa ni in karanta, da Faransanci sannan da Hausa. In na soma taƙaitawa sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Kak ka hwaɗa mani abin da anka ce ta ce. Karanta mani ita."

Ƴan shekaru kaɗan bayan mulkin kai hankalin ƙasa ya tashi. Wasu mutanen jam'iyyar da aka haramta suka riƙa ƙetaro iyaka daga kudu da bindigogi. An yi kashe-kashe a wasu wurare, kuma tsoron da muka ji ba na wasa ba ne. Iyaka ba ta da nisa da mu, kowa yana da dangi a ƙetare. Sai umarni ya zo. Duk wanda ake zargi da yi wa tsaron ƙasa barazana, hukuma na iya tsare shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma ba a faɗi iyakar kwanakin ba. Aka kuma ce kowane mai gari ya aiko da sunayen mutanensa da suka ƙetara ba takarda.

Kwamandanmu na lokacin ɗan ƙasa ne, mai ilimi, kuma ba mugu ba ne. Ya tara masu gari da dattawa a gaban biro da safe, ni na karanta umarnin. Shugaban jam'iyya ya miƙe ya ce ƙasa jaririya ce, ko zama ba ta iya ba, wanda ya zo da bindiga ba ya jiran alƙali, don haka mu ma ba za mu jira ba. Aka yi ta gyaɗa kai, har da ni.

Kawu ya dogara sandarsa ya tashi. Ya ce, "Na yarda da rabin maganarka. Ni na san abin da bindiga ka yi ma mutum, ku da yawa labari kuka ji. Ku ba ni samari ashirin in tsare maku hanyar kudu. Amma ina da tambaya, kwamandan. Wanda anka kulle, kwana nawa?"

Kwamandan ya ce, "Sai hankali ya kwanta."

"Wa ka hwaɗin hankali ya kwanta? Mai riƙe da mabuɗi?"

Kawu ya nuna barandar biron da sandarsa. Ya ce, "Nan nit tsaya shekara da shekaru zamanin Nasara. Mutum ya ƙi tuɓe hula, ko wani ya yi mashi ƙarya, sai Nasara shi ɗaga yatsa, ni kau in juya in ce ma mutum, kwana goma sha biyar. Ba alƙali, ba shaida. Da bakin ga nawa nih hwaɗa, ban san sau nawa ba. Mun ce zalunci na, mun yi murna da anka soke shi. To, ko shi yana da iyaka. Wagga ba ta da."

Shugaban jam'iyya ya ce, "Kenan Sarja na tare da su?"

"Ina tare da hanyar kudu, gobe da asuba. In kana so ka taho."

Bai zo ba. Kawu kuwa ya riƙe tsaron hanyar wata uku, da ɗingishinsa, har samarinsa suka kama mutum biyu da harsasai cikin buhun gero. Da kansa ya raka su hannun jandarma, ya kuma hana a taɓa su da ko tsinke a hanya. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa bai damu da tsaron ƙasa ba.

Sunaye suka fara shigowa daga ƙauyuka, ni ke buga su a mashin ɗin rubutu. Cikin mutum bakwai da aka tsare a garinmu akwai Bafillacen nan da ya zo makoki. Kowane rani yakan kai shanunsa kudu, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Wani manomi ya rantse cewa ya gan shi yana nuna wa baƙi masu bindiga hanya a fadamar Tibiri, ranar kasuwar da ta biyo bayan Sallah. Na san manomin nan ya taɓa kai shi ƙara kan ɓarnar gona, ya kuma faɗi shari'ar. Na sani, na buga sunan.

Kawu ya same ni a biro da rana tsaka, ina kan mashin. Bai yi sallama ba.

"Kai kab buga sunan mutumin ga?"

"Kawu, aikina bugawa na. Ba ni ka kama mutane ba."

"Ka san shari'ar gonar?"

"Na sani. Amma in gaskiya manomin ya hwaɗi fa? In munka sake shi, gobe anka kashe wani, wa ka ɗaukar alhakin? Kawu, zamaninku daban, wanga daban. Ƙasarmu ta yanzu, gwamnatinmu ta."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni ma haka nika cewa, aikina juya magana na. Shekara ashirin ina barci da wagga magana, ba ta taɓa ɗumama ni ba." Ya juya ya fita. Juma'ar da ta biyo na je tsamiya da takardu, na tarar an naɗe tabarma. Wata biyu bai yi mini magana ba.

A cikin watannin nan ne ya fara abin da gari bai manta ba. Kullum da hantsi zai sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobin yaƙinsa, ya je ƙofar gidan kaso. Zai tsaya ya ɗaga murya, ya kira kowane tsararre da sunansa. "Wane, yau kwananka ashirin da ɗaya. Ba a mance da kai ba." Haka har mutum bakwai. Daga nan ya wuce barandar kwamandan, ya ƙame, ya sara, ya ce, "Kwamandan, mutum bakwai, kwana kaza, ba su ga alƙali ba." Sai ya tafi lambunsa. Ba zagi, ba taron jama'a. An ba gardin ƙofa umarni ya kore shi. Gardin ya ce shi dai ba zai iya ɗaga kulki a kan lambobin nan ba, sai dai a canza shi. Daga baya ɗaya daga cikin tsararrun ya gaya mini cewa a ɗakin nan mai duhu har ranakun mako sun ɓace musu, muryar kawu ce kalandarsu.

Shanun Bafillacen kuwa, da masu son a ce dukiyar maƙiyin ƙasa ce suka fara zagaye su, kawu ya sa aka koro su gonarsa suka ci kara. Matar mutumin da ƴaƴanta ya ba su ɗakin baƙi. Matar kawu ta yi faɗa, ta ce zai jawo wa gida jandarma, kuma ba ta yi ƙarya ba, don sau biyu suna zuwa bincike. Amma ita ce ke dama furar da ake kai wa gidan kaso, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Da ya ga kira a ƙofa bai isa ba, sai ya hau jaki ya nufi Dogon Kiriya, kwana biyu a hanya. Matar Bafillacen ta ce masa a ranar da ake magana mijinta yana can arewa, bakin wata rijiya, ana yi wa shanunsa allura. Kawu ya sami likitan dabbobin. Mutumin ya tuna, amma ya ji tsoron buɗe baki. Abin da ya iya faɗi shi ne, ya rubuta sunan kowane makiyayi da ranar allura, ya aika takardar biron kwamandan kamar yadda aka saba.

Da sassafe kawu ya tsaya a ƙofar gidana, ƙurar hanya a ƙafafunsa. Na kawo tabarma, bai zauna ba.

"Takardar allurar shanu tana cikin kabad ɗin da kaka riƙe ma mabuɗi. Ba roƙonka nika yi ba. Na hwaɗa maka inda take na."

Ya tafi. Na sami takardar a ranar, sunan na nan, ranar na nan, tafiyar kwana uku daga fadamar Tibiri. Na mayar da ita na kulle. Matata tana da tsohon ciki, kuma mun ji labarin wani kwami a wani gari da aka tsare kan abin da bai kai wannan ba. Kwana uku ina shiga biro ina kauce wa kabad ɗin nan da ido. A rana ta huɗu aka ce motar da za ta kwashi tsararrun zuwa arewa mai nisa tana tafe cikin mako. Ina zaune na ji muryar kawu daga baranda: "Mutum bakwai, kwana saba'in." Na tashi na ɗauko takardar, na ɗora ta a saman waɗanda kwamandan zai sa wa hannu.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya cire tabarau.

"Wa ya ce ka kawo mini wannan?"

"Ba kowa, kwamandan. Cikin takardunmu take."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Fita." Bayan kwana huɗu aka saki Bafillacen. Kwamandan ya sa aka sake duba sauran, aka saki wasu huɗu. Biyu suka shiga motar.

Ba a bar mu haka ba. Ni an hana ni ƙarin girma shekara uku. Kawu kuma takarda ta zo cewa an sauke shi daga zaman gefen alƙali. Ni aka ba in buga kwafin da za a miƙa masa, ni kuma aka aika in kai. Na same shi ƙarƙashin tsamiya, tabarma a shimfiɗe. Ya ce, "Zamna. Karanta." Na karanta da Faransanci, na karanta da Hausa. Ya karɓa ya juya ta, ya kai ta kusa da ido. Ya ce, "Ka buga ta da kyau. Ba kure ko guda." A duk zamana da shi wannan ne yabon da na samu, kuma na san ba takardar yake nufi ba.

Bayan wata guda dangin Bafillacen suka zo masa da shawara. Sun ji manomin da ya yi ƙaryar yana da ƙane a ƙetaren iyaka, suna so a kai sunansa biro ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana wa wani. Suka ce maganar Sarja kawai suke jira.

Kawu ya ce, "Kun gane shi da masu bindiga?"

"A'a, amma baba, ai ka san abin da yay yi."

"Na sani. Ƙarya yay yi, ku kai shi gaban alƙali kan ƙarya, ni ka zuwa shaida. Amma ƙohwar ga da nika son a ruhe, ba ni tura kowa ciki, ko shi na." Suka tafi ransu a ɓace. Bafillacen da kansa ya hana a sake ta da maganar.

Cikin biyun da mota ta tafi da su, ɗaya ya dawo bayan shekara huɗu, ba haƙora. Ɗayan tela ne daga wajen Tibiri. An kama shi saboda ya ɗinka wa wani baƙo wando, baƙon kuma daga baya aka same shi da bindiga. Ko ya san ko wane ne, ko bai sani ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa a gaban alƙali. Wanda ya dawo ya ce sun rabu a shekara ta biyu, telan yana tari. Matarsa ce wadda ta shigo gidan makoki da kuka. Har yau ba ta yi takaba ba, ba ta kuma yi aure ba, domin ba wanda ya ce mata ya mutu.

Kowace shekara bayan kaka kawu yakan sa ni in rubuta wasiƙa zuwa Yamai. Magana uku ce a ciki: telan nan yana raye ko ya mutu, in yana raye wace rana zai ga alƙali, in ya mutu ina kabarinsa. Ya dangwala yatsa, in kai gidan waya. Sau biyar muna aikawa, amsa ba ta zo ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba mai karanta ta." Ya ce, "Akwai wani kwami can kamarka, shi ka buɗe ta. Wata shekara za ta dame shi."

Har yanzu dokar nan tana nan, ko da yake an rage aiki da ita, kuma har yanzu ana gardama a kanta, a biro da tashar mota da wurin masu shayi. Wasu na cewa ita ta kawo zaman lafiyar da muke ciki, a bar ta a rataye don wata rana. Wasu na cewa a soke ta gaba ɗaya. Na tambayi kawu ra'ayinsa a ciwonsa na ƙarshe, yana kwance a zaure, numfashi na yi masa wuya. Ya ce shi bai ce kada gwamnati ta kama mutum ba in ana tsoron jini. A kama. Amma a rubuta kwanakin cikin doka, a faɗa wa mutum abin da ake zarginsa da shi da wanda ya zarge shi, kuma wanda ya kulle kada ya zama shi ne mai cewa a buɗe. Ya huta, sannan ya ce, "Bana ba mu aika ba."

Na ce, "Sai ka samu sauƙi, kawu."

Ya ce, "Ba yatsana ka yin tambayar ba. Kai ma kana da hannu."

Bayan sadakar bakwai na zauna gaban mashin na buga wasiƙar, maganganun nan uku, ban ƙara ban rage ba. A wurin da yake dangwala yatsa na rubuta sunana da muƙamina, na sa hannu. Abokin aikina ya leƙo ya karanta, ya ce, "Kana da ƴaƴa huɗu fa." Na ce na sani. Na kai ta gidan waya da kaina, na tsaya har aka buga mata hatimi aka jefa ta cikin jaka. Baɗi in ina raye zan aika wata.

Allah ya yi wa kawu rahama, ya yafe masa abin da bakinsa ya faɗa a madadin wasu tun yana tafinta, wanda ya mutu yana jin nauyinsa. Ya sa tsayuwar da ya yi a ƙofar gidan kaso ta zama haske a kabarinsa. Mu kuma da ya bar wa aikin, Allah ya ba mu ƙarfin ƙafa.